Idan Sankarar Gidan Ƙwai Ta Dawo: Me Gashi Zai Iya Yi?

Uwargida mai juna biyu, a ce mahaifiyarki ko surukarki a Tafashiya tana fama da sankarar gidan ƙwai. An yi mata tiyata, an yi mata ƙarin ruwan maganin sankara, sai ga cutar ta dawo. Idan ta dawo cikin wata 6 da gama maganin, galibi irin wancan magani ba ya ƙara yin tasiri sosai. A nan ne wasu iyalai kan kwashe mara lafiya su koma gida, su ce asibiti ya gaza. Kada ku yi haka, da sauran taimako.

Ɗaya daga ciki shi ne gashi. Ba da wuta ake yin sa ba. Na'ura ce ke aika haske mai ƙarfi, dangin na hoton ƙashi, daidai inda ƙarin yake. Ba a jin zafi lokacin da ake yi, kuma mintoci kaɗan ne a rana, galibi zama 1 zuwa 10.

Gaskiyar magana, a wannan mataki gashi ba kasafai yake warkar da cutar ba. Aikinsa shi ne rage girman ƙari, tsayar da zubar jini da sauƙaƙa ciwon mara ko na ƙashi, don ta samu barci, ta ci abinci, ta yi salla cikin natsuwa. Gajiya, gudawa ko zafin fitsari kan biyo baya. Ku gaya wa likita, akwai abin da za a yi.

To, ke mai ciki fa? Wadda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ta ɗauke da hasken a jikinta, kuma sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ku ci a kwano ɗaya, ta goya jikanta bayan suna. Sai dai in kin raka ta, ki sanar da ma'aikata kina da ciki, domin hasken yana cutar da ɗan tayi.

Ku nemi takardar turawa daga Babban Asibitin Kankiya zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda aka buɗe cibiyar sankara a 2025. Akwai kuma sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Shika. Ku tafi da duk takardun tiyata da na gwaji.

Idan mahaifiyarki ce ko 'yar'uwarki ta jini, ki faɗa wa likita ranar awo, domin cutar kan bi dangi. Allah Ya ba ta sauƙi, Ya sauke ki lafiya.