Tsuma da Ƙwazon Ɗan Wasa: Nazari Daga Fagen Dambe a Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Daura, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, da zarar kalangu ya kama taken ɗan dambe, sai a ga jikinsa ya ɗauki rawa, ya zabura yana kirari. Wannan yanayi shi Bahaushe ke kira tsuma. Maƙalar nan ta auna shi da ma'aunin ilimin halayyar ɗan Adam a fagen wasanni.

2.0 Ra'ayoyin Masana

Tsuma farkawar jiki da ƙwaƙwalwa ce: sinadarin adirinalin ya kwarara cikin jini, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure. Daga gwajin da Yerkes da Dodson (1908) suka yi a kan ɓeraye aka gina ra'in da ke cewa ƙwazo na ƙaruwa tare da tsuma har zuwa wani mataki, daga nan sai ya soma raguwa. Easterbrook (1959) ya bayyana dalili: gwargwadon tsananin tsuma, gwargwadon yadda abin da hankali ke iya lura da shi yake ƙuntata.

3.0 Tsuma a Fagen Dambe

Dambe na buƙatar abu biyu a lokaci guda: ƙarfin hannun da aka ɗaure da zare, da lurar hannun da ke kariya. Wanda bai tsumu ba, naushinsa ba ya da nauyi. Wanda tsumarsa ta wuce kima kuwa, idonsa na kan kisa kaɗai, sai ya saki kariya, ya afka da garaje, abokin karawa mai natsuwa ya kai shi ƙasa tun a turmin farko.

Hanin, masani ɗan ƙasar Rasha, ya ƙara da cewa kowane ɗan wasa yana da matakin da ya fi dacewa da shi. Hakan ya zo daidai da al'adar keɓe wa kowane gwarzo takensa, kamar yadda Ɗan'anace ya shahara da wasa Shago.

4.0 Kammalawa

Makaɗin dambe ba mai nishaɗantarwa kaɗai ba ne, yana da hannu a nasara ko faɗuwar gwaninsa. Don haka nazarin take da kirari da ya tsaya ga salo da jigo, bai dubi tasirinsu a jikin ɗan dambe ba, ya bar rabin aikin a fage.