Sabis a ƙofar gida: Abin da mai mota zai iya yi da hannunsa a Mubi

Nassarawo, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, ba wuri ba ne da ke sassauta wa injin mota. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na tura ƙura ta kowace kafa, bazara ta biyo baya da zafinta, damina kuma ta bar ramuka. Ma'aikacin tarayya da ke zaune a nan, malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ne ko jami'in Kwastam da aka turo bakin iyakar Kamaru, idan aiki ya kira shi Yola sai ya ci kusan kilomita 200 ta Hong da Gombi da Song. Ba hanyar da mutum zai so mota ta mace masa bayan magariba ba ce.

Ga kuma batun aljihu. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa Oktoban 2024 ta haura Naira 1,000 a Abuja. Tankin Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, motar da ta cika harabar ma'aikatu, lita 50 yake ci. Cika shi sau ɗaya a wannan farashi ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Injin da ke shan mai fiye da ƙima, albashin mai shi yake sha.

Sai dai sabis ɗin yau ba irin na jiya ba ne. A zamanin Peugeot 504, wadda ake haɗawa a Kaduna, bakanike kan buɗe kafireto, ya gyara kwantak, ya saita taimin da kunnensa. Motocin da aka fi hawa yanzu ƙwaƙwalwar lantarki ce ke auna musu mai da iska da lokacin tartsatsi. Abin da ya rage wa hannu kaɗan ne, kuma mafi yawansa bai fi ƙarfin mai motar ba, muddin yana da sifana da tsumma da safiyar Asabar guda.

A Mubi da matacin iska ake farawa. Ana ɓalle murfin akwatinsa a ɗaga shi sama. Idan hasken rana bai ratsa takardar ba, ya gama aiki. Kaɗe shi na iya ɗan ja masa kwana, amma wanke na takarda da ruwa ko fetur kashe shi ne, kuma wanda ya yage ya fi toshasshe haɗari, domin ƙurar da ta wuce ta shiga silinda kan riƙa cin ƙarfe a hankali. Kada dai a ɗora masa burin da ba nasa ba: a motar injekta, sabon mataci ƙarfin ja yake dawo wa injin, ba ya rage shan mai sosai, tunda ƙwaƙwalwar kan daidaita fetur da iskar da ta samu.

Fulogi ne ya cancanci a zauna masa. Ƙa'idar farko ita ce a bar injin ya huce sarai, saboda kansa na alminiyom ne, kuma kwance fulogi da zafi na iya cinye zaren ramin. A share ƙurar da ta taru a gefe kafin a cire, a kuma riƙa yi ɗaya bayan ɗaya don kada wayoyi su rikice. Kowane fulogi da ya fito yana ɗauke da labarin silindarsa. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, lafiya lau. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya na nuna fetur ya rinjayi iska. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana cewa akwai yoyo a ciki, kuma sabon fulogi ba zai magance shi ba. Fari fat kuwa alamar zafi ne ko ƙarancin fetur, ita ce ta fi kowacce bukatar gaggawa. Wajen mayarwa, da yatsu ake fara ɗaurawa. Sai ya shiga sumul sannan sifana ta ƙarasa, ba tare da nuna ƙarfi ba. Fulogi na gama-gari kan kai wajen kilomita 30,000, na iridiyom kuma kan kai 100,000 ko fiye, idan na gaske ne. Jabunsa ya yi yawa a kasuwa, kuma araha, kamar yadda aka sani, ba ta ado. Lambar da littafin motar ya ambata ita ce abin bi, ba wadda mai shago ya ce duk ɗaya ne ba.

Juyen baƙin mai sananne ne, don haka ba sai an ja shi ba: a yanayin ƙura da gajerun tafiye-tafiye, kowane kilomita 5,000, tare da sabuwar filta. Inda ake tuntuɓe shi ne kaurin man. An saba ɗura 20W-50 a kowace mota da hujjar cewa ƙasarmu na da zafi, alhali injin waccan Corolla 5W-30 aka rubuta masa, kuma galibi lambar na nan a kan murfin. Tsohon man kuma a tara shi a galan. Wanda aka zuba a kwata, ruwan damina zai kai shi Kogin Yedzeram.

Akwai wata al'ada da ta daɗe a garejinmu, wato cire tamostat da zarar mota ta iso daga Kwatano, a kuma haɗa fanka kai-tsaye, wai kayan ƙasashen sanyi ne. A ganina babu gyaran da ya kai wannan cutar da mai mota a ɓoye. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwarsa kan ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da ƙara masa fetur. Duk wanda ya gama sabis ya ga shan mai bai ragu ba, ya bincika ko nasa na nan.

Ingancin fetur ma nasa ne. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, wanda ya jefa Abuja da Legas cikin dogayen layuka. Wancan ta tashar jiragen ruwa ya shigo. Na 'yan bumburutu da ake sayarwa a galan a bakin titi, babu mai auna ruwa ko dattin da ke cikinsa, kuma nozul da famfon mai ne ke biyan bashin.

Iyakar aikin gida tana wajen fitilar injin da ke kamawa a gaban direba. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka na da kafar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma ƙaramar na'urar da ke karanta ta na haɗuwa da wayar hannu. P0301, alal misali, na nufin silinda ta ɗaya na tsallake wuta. A musanya koyil ɗinta da na ta biyu, idan lambar ta koma P0302 an kama mai laifi. Amma idan fitilar ƙiftawa take yi, ko allurar zafi ta haura, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, a kashe motar a nemo bakanike ya same ta inda take. Mai riƙe da lambar matsalar a wayarsa ya san abin da zai tambaya kafin a ambata masa farashi.