Wayar Talaka A Hannun Hukuma

A ranar 3 ga watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta aika wa kamfanonin wayar salula takarda, ta umarce su da su kashe dukkan turakunsu da ke cikin Jihar Zamfara. Kafin a kwana biyu wayoyin jihar kaf sun yi tsit. Gwamnan jihar na lokacin, Alhaji Bello Matawalle, shi ne ya nemi a yi haka, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar da suke samun labarin motsin sojoji daga bakin 'yan leƙen asirinsu na cikin gari. An ce mako biyu za a yi. Birnin Gusau sai da ya yi kusan wata guda, sauran sassan jihar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba.

A kwanakin farko mutanen Gusau sukan shiga mota su tafi Funtuwa, tafiyar da ta haura kilomita ɗari, ba don saye ko sayarwa ba, sai don su tsaya a bakin titi su kira ɗa ko ɗan'uwa su ce masa suna nan lafiya. Ba a jima ba ita ma Funtuwar aka haɗa da ita cikin ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina da aka yanke wa sabis. Sakkwato ta bi sahu da ƙananan hukumomi 14, Kaduna ma ta rufe wani sashe nata. Mai son yin waya sai ya ƙara gaba, Zariya ko Kano.

Duk wanda ya kai shekara hamsin a duniya ya ga wannan, ba zai rasa tuna wani zamani ba, lokacin da yin tafiya don a buga waya ba abin mamaki ba ne. Sai dai a wancan zamanin gwamnati ta kasa kawo wayar ne, yanzu kuwa ta iya, har ta iya ɗauke ta ranar da ta ga dama.

Zamanin tsani da dogon layi

A 1985 aka kafa kamfanin NITEL, bayan an haɗe sashen tarho na tsohuwar ma'aikatar gidan waya da kamfanin NET mai kula da wayar ƙasashen waje. Shekara goma sha biyar bayan haka, dukkan layukan tarho masu aiki a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan ɗari, kuma mafi yawansu suna ofisoshin gwamnati da manyan kamfanoni da gidajen masu hannu da shuni a Ikko da Kaduna da Kano da ire-irensu. Mai neman layi ya cika takarda, ya biya kuɗi, ya koma gida ya yi ta jira, shekara ta zagayo ta sake zagayowa. Wanda ya yi sa'a ya samu kuwa, bai huta ba. Da ruwan sama ya sauka layi ya mutu, sai a shiga neman ma'aikaci mai tsani, a ɗauko shi a mota, a kai shi gindin falwaya, a kuma sallame shi. Talaka in wata larura ta taso, sai ya nufi ofishin NITEL ya shiga layi tun da sassafe, ko ya roƙi alfarma a gidan wani attajirin unguwa, a yi alkawari da na can cewa ran kaza da ƙarfe kaza a kira shi ya zo ya jira.

A cikin wannan hali ne aka jingina wa wani ministan sadarwa na zamanin Janar Babangida maganar nan cewa tarho ba na talaka ba ne. Shi dai ya musanta, ya ce an juya masa zance. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, abin da ya sa maganar ta zauna a bakin jama'a har yau shi ne ta yi daidai da abin da idonsu yake gani.

Sauyi ya zo a watan Janairu na 2001, lokacin mulkin Cif Olusegun Obasanjo, sa'ad da NCC ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a, kowane lasisi a kan dala miliyan 285. A watan Agusta na wannan shekara MTN da Econet suka fara aiki. Da farko abin na masu kuɗi ne, domin layi kaɗai yakan kai naira dubu ashirin ko fiye, minti ɗaya kuma naira hamsin, ko da mutum sallama kawai ya yi ya kashe. Daga nan ne sana'ar 'yan laima ta samo asali, yarinya ko saurayi da teburi da waya ɗaya a bakin kasuwa, haka nan al'adar yi wa mutum filashin don shi ya kira. Kamfanonin suka dage a kan cewa lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. A watan Agusta na 2003 Globacom ya shigo da shi ranar farko, a ranar 19 ga Satumba kuma ɗimbin masu waya suka kashe wayoyinsu na yini guda don nuna fushi, sai ga abin da aka ce ba ya yiwuwa ya yiwu a wurin kowa.

Abin lura a nan shi ne, aikin kirki mafi girma da gwamnati ta yi wa talaka a fannin waya shi ne janye hannunta daga sayar da ita, ta tsaya a matsayin alƙali. Cikin 'yan shekaru waya ta shiga aljihun ɗan achaba da mai shayi da makiyayi a ruga. Dillalin hatsi a Dawanau ya san farashin Ikko kafin mota ta tashi, mai naƙuda a ƙauye ta samu a kira mata mota cikin dare.

Rajista bisa rajista

To, amma abin da ya yi wa mutumin kirki amfani bai ƙi mugu ba. Da masu satar mutane suka mai da waya kayan aikinsu, sai hukuma ta ce dole a san mai kowane layi. A 2011 aka fara rajistar layuka, ana ɗaukar hoto da zanen yatsu. A watan Oktoba na 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan ɗaya da biliyan arba'in saboda ƙin yanke layuka fiye da miliyan biyar marasa cikakkiyar rajista, wato naira 200,000 a kan kowane layi. Bayan doguwar tattaunawa aka sasanta a kan naira biliyan 330 a 2016. Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya danganta irin waɗannan layuka da ta'asar Boko Haram.

Jama'a sun ɗauka an gama. Sai a tsakiyar Disamba na 2020 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Dokta Isa Ali Pantami ta ba da umarnin kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, cikin mako biyu, aka kuma dakatar da sayar da sabon layi. Mako biyu, a ƙasar da mafi yawan mutanenta ba su da lambar a lokacin, kuma a daidai sa'ad da gwamnatin nan ɗaya take gargaɗin jama'a su guji cunkoso saboda annobar korona! Aka ga tsofaffi da mata masu goyo sun yi dafifi a ƙofar ofisoshin hukumar NIMC tun kafin asuba. An yi ta ɗage wa'adi sau da yawa, har zuwa 4 ga Afrilu na 2022, ranar da aka hana layuka fiye da miliyan 70 kira. A ƙarshen Yuli na 2024 ma an sake toshe layuka masu yawa, kwana kaɗan kafin zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta, mutane suka yi wa ofisoshin kamfanoni tsinke, har NCC ta ba da umarnin a buɗe su nan take. Kamfanonin sun ce batun NIN ne kawai, amma da yawa daga cikin jama'a ba su yarda cewa dacewa ce ba.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa babu ƙasar da za ta zauna lafiya alhali ba ta san yawan mutanenta da sunayensu ba, kuma matsin da aka yi ne ya sa waɗanda suka mallaki lambar suka haura miliyan ɗari, abin da lallashi na shekara da shekaru ya kasa yi. Wannan gaskiya ne.

Tambayar da ake ji a tashoshin mota da majalisun dattawa kuwa ita ce, ina ribar da aka yi alkawari? Mako guda kafin a toshe layukan nan miliyan 70, wato ranar 28 ga Maris na 2022, aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, aka kwashe fasinjoji. Waɗanda suka kwashe su sun yi wata da watanni suna magana da iyalansu da masu shiga tsakani, suna fitar da bidiyo, har watan Oktoba da aka sako na ƙarshe. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Neja kuwa, cinikin kuɗin fansa ta waya ya zama ruwan dare. Sau da yawa ɗan bindiga da wayar wanda ya kama yake kira, saboda haka sunan da ke kan layin na wanda aka zalunta ne. Rajista takan nuna mai layi, turaku kuma sukan nuna yankin da kira ya fito, amma tafiya dajin a kamo mai kiran aikin jami'an tsaro ne, kuma nan ne gizo yake saƙar. Talaka ya yi nasa, ya sha rana a layi, ya ba da yatsunsa goma. Saura na hukuma.

Komawa kan yanke sabis

Ba a Zamfara aka fara ba. A watan Mayu na 2013, da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an kashe sabis a jihohin uku, Borno ta yi watanni a haka. Kafin nan, a 2012, 'yan Boko Haram su ne suke bi suna ƙona turaku, don suna zargin da su ake gano maɓoyarsu. Abin takaici ne a ce ɓangarorin biyu, kowa da nasa dalili, sun taru a kan raba talaka da wayarsa.

A 2021 akwai mutanen karkara da suka yi maraba da matakin tun farko, domin sun gaji, kuma sun san akwai maciya amana a cikinsu masu sanar da 'yan daji wanda ya sayar da sa ko wanda ɗansa ya aiko da kuɗi. An kuma haɗa shi da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka, abin da ya takura 'yan bindigar na ɗan lokaci. Sai dai ƙauyen da aka kawo wa hari cikin dare ba shi da hanyar kiran soja ko 'yan sa-kai na maƙwabta, labarin kisa yakan kwana biyu kafin ya iso birni. An kuma ba da rahoton cewa a yankunan kan iyaka 'yan bindigar suna kama sabis na Jamhuriyar Nijar, wanda takardar NCC ba ta da iko a kansa. Bayan harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na wannan shekara, inda aka kashe mutane da dama, Gwamnan Sakkwato na lokacin, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, ya nemi a mayar da sabis. Kafin shekarar ta ƙare jihohin sun janye matakin ɗaya bayan ɗaya, 'yan bindiga kuma suna nan.

Akwai wata asara da ba a cika lissafa ta ba. Waya a yau ita ce bankin talaka. Da aka kashe turaku, masu POS sun rufe, ɗan ƙwadagon da ke Ikko ko Fatakwal ya rasa yadda zai aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane, ɗan kasuwa kuma ya koma ɗaukar tsabar kuɗi a jiki a kan hanyar da aka san ana tare mutane. Shekara guda bayan haka, a watan Oktoba na 2022, Babban Bankin Nijeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, ya ce jama'a su rungumi ciniki ta waya. A watannin Janairu da Fabrairu na 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, taransifa ta riƙa maƙalewa a hanya, mutum yana sayen nairarsa da naira a hannun mai POS, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da yawo. Mutumin Zurmi ko Batsari da aka ce masa jiya wayarsa haɗari ce ga tsaron ƙasa, shi ne aka ce masa yau ya zuba dukiyarsa a cikinta.

Babu mai hankalin da zai ce gwamnati ta zura ido kan sadarwa ba ta sa hannu. Abin da yake damun mutane shi ne yadda ake yi: wa'adin gaggawa ba tare da shiri ba, umarni ta takarda ɗaya ba tare da an ji ta bakin majalisa ko kotu ba, sannan in an gama ba a fito a gaya wa jama'a abin da aka samu da abin da aka rasa. Ko dakatar da Twitter da aka yi daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, da sanarwar ma'aikatar watsa labarai aka yi shi, sai daga baya kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka.

A watan Janairu na 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi hamsin cikin ɗari, bisa hujjar faɗuwar naira da tsadar man dizal da ake kunna injinan turaku da shi. Ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar zanga-zanga, aka zauna teburi, ƙarin ya tabbata. Masu waya suka yi gunaguni na 'yan kwanaki, sa'an nan suka koma wurin mai kati.