Baƙi Masu Auna Bunƙasar Ƙwaƙwalwar Yara, da Nauyin da ke Kan Mai Masauki

Da wuya a sami malamin firamare da ya shekara biyar yana riƙe da alli bai gamu da irin waɗannan yara ba: wani shekarunsa bakwai amma maganarsa ba ta wuce ta ɗan shekara uku ba, wani ba ya iya zama wuri guda ko na minti biyu, wata kuwa a yi ta kiranta ba ta waiwayowa. A aji a kira yaron daƙiƙi, a gida a ce shafar aljanu ce, in abin ya haɗa da sanƙarewar gaɓoɓi har a ce ɗan ruwa ne. Masana suna kiran waɗannan matsalolin bunƙasar ƙwaƙwalwa, kuma akwai hanyoyin auna su. Sai dai masu yin awon, wato likitocin yara, da masana halayyar ɗan Adam, da masu gyaran magana, da masu gashin ƙashi, yawancinsu suna manyan asibitoci irin na Shika da na Malam Aminu Kano, nesa da mafi yawan yaran. Wannan ya sa ake bin wani tsari a ƙasashe da dama: ƙwararrun su taso su sauka na yini ɗaya ko biyu a wata ɗakin shan magani, ko makaranta, ko gidan marayu, a kawo musu yara.

Gaggawar al'amarin tana da tushe a ilimin halittu. Ana haihuwar jariri da ƙwaƙwalwa mai nauyin giram 350 zuwa 400, alhali ta baligi takan kai giram 1,300 zuwa 1,400, kuma kafin yaro ya cika shekara shida ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na girmanta. Mafi yawan wannan ƙari ba sababbin ƙwayoyin jijiya ba ne, mahaɗai ne da ke ƙulluwa tsakanin waɗanda ke akwai, kuma abin da yaro ke gani da ji da taɓawa shi ke ƙarfafa su. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, sun nuna cewa idan aka rufe wa ɗan kyanwa ido ɗaya a farkon rayuwarsa, idon ba ya komawa gani sosai ko an buɗe shi, domin ɗaya idon ya riga ya mamaye gurbinsa a ƙwaƙwalwa. Haka yaron da ba ya ji sosai yake asarar shekarun koyon harshe idan ba a gano shi da wuri ba. A ƙasar Hausa kuwa abubuwan da ke raunata ƙwaƙwalwar yaro suna da yawa: doguwar naƙuda, da shawarar jarirai, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, har da gubar dalma irin wadda ta halaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010.

Baƙon da ya zo na yini guda ba zai iya duba yara ɗari biyar ba, saboda haka dole a tace kafin ya iso. Sanannen matacin da aka yi domin ƙasashe masu tasowa shi ne Tambayoyi Goma, wanda Maureen Durkin da abokan aikinta suka jarraba a kan yara fiye da 22,000 'yan shekara 2 zuwa 9 a Bangaladash da Jamaika da Pakistan, suka buga sakamakonsa a 1994. Ma'aikacin unguwa ne ke yi wa uwa tambayoyin: ko yaron ya makara wajen zama ko tsayuwa ko tafiya, ko yana gani da ji sosai, ko yana fahimtar umarni, ko yana faɗuwa yana jijjiga, ko maganarsa ta bambanta da ta tsaransa, da sauransu. Wanda aka sami alama a gare shi sai a kai shi gaban ƙwararru. Binciken ya nuna matacin yana kama matsaloli masu tsanani na hankali da motsi da farfaɗiya, amma raunin ji da na gani da iyaye ba su lura da shi ba yakan sille masa. Haka kuma da yawa daga waɗanda ya kama sukan fita lafiya lau bayan cikakken awo. Don haka kuskure ne babba shugaban makaranta ya ɗauki sakamakon tacewa a matsayin hukuncin likita.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wajen al'ada. Yawancin ma'aunan an tsara su ne a Amurka da Ingila, da kayan wasan yaran can. Melissa Gladstone da abokan aikinta sun ci karo da wannan a Malawi, inda suka ga ana tambayar abubuwan da yaron ƙauye bai taɓa gani ba, sai suka tsara nasu ma'aunin mai abubuwa 136, suka buga shi a 2010. Mai karatu ya duba yadda abin zai kasance a nan. Daga cikin alamun otizim da ake nema akwai rashin haɗa ido da mutane da rashin amsa suna. To, yaron da aka tarbiyyantar a kan sunkuyar da kai gaban manya ba zai zuba wa baƙo ido ba, kuma wannan ladabi ne. Yaron da aka sa wa sunan kakansa, wanda gida duka ke kira Abba ko Baffa, yana iya yin shiru idan aka kira shi da sunan da ke cikin rajista. Sannan ga kunyar ɗan fari: a ce wa uwa ta yi wasa da ɗanta a gaban mutane, ta noƙe, baƙon da bai san dawan garin ba ya rubuta cewa babu shaƙuwa tsakaninsu. Mai masauki ne kaɗai zai iya warware waɗannan tun kafin a fara, kuma shi ne zai san cewa wani yaron kakarsa ko goggonsa ce ta raine shi, ita ya kamata ta zo ta ba da tarihinsa. Idan baƙon ba ya jin Hausa ko Fulfulde ko Kanuri, a samo tafinta mai faɗin abin da aka ce kawai. Tafinta mai tausayi da ke raɗa wa yaro amsa ya fi kowa ɓata awo.

Sauran shiri ba ya bukatar kuɗi masu yawa. A ware ɗaki mai haske, nesa da janareta da filin wasa, a shimfiɗa tabarma, a hana 'yan leƙe ta taga, domin ba a gwada ji cikin hayaniya. A tabbatar yaron ya karya kumallo kuma ba ya zazzaɓi, in ba haka ba yunwarsa za a auna. A zo da katin rigakafi da littattafan aikinsa na aji. Malamin aji kuma ya rubuta abin da ya gani da idonsa: "ba ya juyowa idan an yi magana ta bayansa" ya fi "ba ya ji" amfani nesa ba kusa ba. Ƙwararre yana ganin yaro na awa guda, malami yana ganinsa shekara guda.

Akwai kuma batun amana. Ba a auna yaro sai da yardar iyayensa, kuma ba a kiran sunayen waɗanda za a duba a taron safe, domin laƙabin da yara suka manna wa ɗan'uwansu a ranar yana iya bin sa har girma. Takardar sakamako ta iyaye ce, kuma ba hujjar korar yaro ba ce. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019 ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne bayan tafiyar baƙi. Kafin motarsu ta tashi, ya kamata mai masauki ya riƙe amsa a rubuce game da kowane yaro: asibitin da za a tura shi, da abin da za a sauya a aji, da ranar da za a sake dubawa. Wasu gyare-gyaren ana iya fara su washegari. Mai raunin ji a mai da shi layin gaba, malami ya riƙa fuskantarsa idan yana magana. Mai saurin shagala a rarraba masa aiki gajere-gajere. Mai farfaɗiya kuwa a haɗa iyayensa da asibiti mafi kusa, domin a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya kusan kashi 70 cikin ɗari na masu wannan cuta za su iya daina faɗuwa idan suna shan maganin da ya dace a kan kari.