Ƙiba Ba Arziki Ba Ce

'Yan'uwa manoma, mun zaga ƙungiyoyinmu na Gusau da Tsafe da Bungudu, ga abin da muka gani. Da kaka ta yi, sai mu kai wake da gero kasuwa, mu komo da lemon kwalba da taliyar leda. Tumbi ya fito, a ce arziki ne, alhali ƙiba takan jawo hawan jini da ciwon sukari.

Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 8. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gara babba ya tsaya a 6 a yini.

Saboda haka mu ware waken gida tukuna kafin na kasuwa. Iyaye mata, a riƙe tuwon dawa da miyar kuka, da kwaɗon zogale, a dama fura ba sukari.