Ɗaga Iyakar Juyin Inji Mai Sufacaja: Zafi Ne Ke Zuwa Kafin Ƙarfi

Kowace motar zamani tana da iyakar da kwamfutarta ta gindaya wa inji. Da zarar juyi ya kai nan, ko an danne totur har ƙasa, sai ta yanke fetur ko wutar fulogi. Masu son gudu kan ɗauki wannan a matsayin rowar kamfani, kuma yau da 'yar kwamfutar hannu ana iya sauya lambar. A inji mai sufacaja kuwa, lamarin ya wuce sauya lamba.

Sufacaja zuga-zugi ce da ke ɗura wa inji iska, kuma asalinta ma daga maƙera ne: 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana a Amurka, sun yi rajistar irin wannan na'ura a 1860, aka riƙa hura tanderun narka ƙarfe da ita. Jikokinta ne ke cikin Marsandi C180 da C200 Kompressor da ke yawo a titunan Kano da Kaduna. Abin lura shi ne, bel ne ke jan ta kai tsaye daga karanshaf. Idan tana juyi biyu a kowane juyi ɗaya na inji, to a 6,500 a minti tana 13,000. Aka ɗaga iyaka zuwa 7,200, ta kai 14,400. Galibi kuma mai wannan aiki ya riga ya sa ƙaramin fuli don ƙarin iska, kamar yadda masu Mini Cooper S ta 2002 zuwa 2006 suka saba rage nasu da kashi 15 cikin ɗari. Ƙari ya hau kan ƙari ke nan.

Nau'in Roots ba ya son a wuce masa ƙima. Yana ci gaba da turo iska, amma mai zafi, iska mai zafi kuma ita ce ke sa fetur ya fashe kafin lokacinsa. Kwamfuta na jin haka sai ta jinkirta wuta don ta ceci fistan, ƙarfin da aka je nema ya zube. Ita kanta sufacaja ba kyauta take aiki ba: ta Dodge Hellcat ta 2015, mai ƙarfin doki 707, tana cin wajen doki 80 kafin ta juya yadda ake so. Wanda zai yi wannan gwaji a Sakkwato cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, da fetur ɗin da Allah kaɗai ya san ingancinsa, ya fara da bashi.

A cikin inji ma lissafin ba daidai-wa-daida ba ne. Daga 6,500 zuwa 7,200 ƙarin kashi 11 ne kacal, amma fizgar da kwanrod da kusoshinsa ke sha tana ƙaruwa da kusan kashi 23. Sifirin ɗin bawul kan kasa rufe shi a kan kari, fistan ya taso ya same shi a hanya. Nozul kuma lokacinsa ke raguwa: a juyi 6,000 yana da kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa ya fesa mai, a 7,500 saura 16. Idan ya gaza, iska ta fi mai yawa, kan fistan ya narke. Masu Mustang mai injin Coyote sun san wani raunin daban, shi ya sa da yawansu ke sauya haƙoran famfon baƙin mai da na ƙarfe mai ƙwari kafin su ɗora sufacaja.

Ba a ce ba a taɓa ɗagawa ba. Nau'in sufacaja mai farfela kamar ta turbo, matsinta ƙaruwa yake yi sosai da juyi, don haka sau da yawa ƙarfin na can sama. A filin tsere ma, ƙarin juyi 200 ko 300 na iya hutar da direba canjin giya dab da kwana. Amma injin gwajin ƙarfi, wato daino, shi ke yanke hukunci, ba kunne ba. Idan ya nuna ƙarfi ya fara sauka tun kafin tsohuwar iyaka, duk abin da aka ƙara amo ne kawai.

Ga mai Kompressor da ta sha tafiya tun a Turai kafin ta iso hannunsa, ya bar iyakar nan inda kamfani ya ajiye ta. Kuɗin ya sa su a sabon bel, fulogi na gaske, baƙin mai mai kyau, da wankin na'urar sanyaya iskar da sufacaja ke turowa.