"Sha": Kalmar Da Muke Auna Ɗan Kasuwa Da Ita

A nan unguwar Tishigu ta birnin Tamale, kafin mu danƙa wa yaro kaya ya kai Paga ko Bawku, tambayar da mukan fara yi ita ce, "Ya sha hanya kuwa?" Kowa ya san ba maganar ruwa ake yi ba.

Asalin kalmar dai na ruwa ne da kunu da magani, har da mangwaro da rake. Amma Bahaushe ya ɗauke ta ya ɗora wa duk abin da ke shiga jikin mutum ko yana so ko ba ya so. Shi ya sa muke shan rana, mu sha ƙura, mu sha wuya, mu sha kashi. Idan Allah Ya kawo sauƙi kuma mu sha daɗi, mu sha iska.

Mai karatu ya lura da bambancinta da "ci". Wanda ya ci riba ko ya ci kasuwa, shi ya yi nasara. Wanda ya sha wahala kuwa, abin ne ya same shi ya haɗiye.

Mun kuwa haɗiye da yawa. Iyayenmu sun sha wuyar dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969. A 2007 mun sha ruɗanin lissafi da aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya. Daga Maris 2020 zuwa Maris 2022 kuma an rufe iyakokin Ghana na ƙasa ga matafiya saboda korona, ƙananan 'yan kasuwa suka sha zaman gida.

Akwai kuma wata ma'anar. Idan muka ce "ya sha zuwa Paga", muna nufin ya je sau da yawa. Ke nan kalma ɗaya ce ta haɗa wahala da maimaici, kuma su biyun ne ke haifar da gogewa.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu ba yaro kaya masu yawa don kawai ya iya baki. Mu fara haɗa shi da wanda ya sha hanya, ya ga yadda ake yi da kwastan da 'yan canji, sannan a ƙara masa kaɗan-kaɗan. Mai haƙuri dai shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.